Saniyar Makka a Hannun Lajna

Tun da muka dawo Umdurman bayan wutar yaƙi ta ɗan lafa, ba ni da aikin da ya wuce zama a kan gadon igiya ina sauraren shirmen samari. Ba don ina so ba. Gidan ne ba ƙyaure, maganar titi sai ta shigo har inda nake. Mun bar shi a kulle, muka dawo muka tarar an ɓalle ƙyamare da tagogi, an zare wayar lantarki daga cikin bango, har murfin masai wani ɗan albarka ya ga ya dace da shi. To a bakin ƙofar nan jikana da abokansa suke shimfiɗa tabarma da la'asar. Da can tallan waya suke yi a Kasuwar Libiya, yanzu ba aikin, sai gyaran duniya da baki, rabi Hausa rabi Larabci. Rannan na ji wani mai siririn wuya a cikinsu yana cewa duk bala'in nan mallaka ce ta jawo shi. Wai da ba “nawa” ba “naka”, da ba ɓarawo, don babu abin sata. A soke mallaka, komai ya zama na kowa, a huta. A waya ya karanta. Sauran suna ta gyaɗa kai kamar an zo musu da sabon abu. Na ja tsaki har jikana ya leƙo yana tambaya ko haƙorin ne ya motsa.

Wannan magana ba yau na fara jin ta ba. Na ji ta ina budurwa, daga bakin mutanen da suka fi yaran nan iya zance, suka kuma fi su tsabtar riga. Masu rediyo suna ce mata gurguzu, mu a nan shuyu'iyya muka san ta. Ni ba a littafi na gan ta ba. Gidanmu ta shigo, ta fita da saniyar ubana a igiya. Shi ya sa duk wanda zai zo mini da zancen soke mallaka, ya fara gaya mini me ya taɓa ɗaurewa a turke ya yi shekaru yana kallo. Yawancinsu ko akuya ba su taɓa kiwo ba.

A Aljirif na tashi, a bakin kogi, lokacin Khartum ba ta haɗiye wurin ba. In ruwan damina ya janye sai ya bar baƙar laka a gaɓa, ita ce abincinmu. Maza su haƙa, su cuɗa ta da zibala, wato busasshen kashin shanu da na jakuna, su bar ta ta kwana, da asuba a fara bugawa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan. Laka ta faɗa cikin kalib, akwatin katakon da ake buga tubali da shi, tafin hannu ya shafe, a kife a ƙasa, tim, tim, daga wannan gefen gaɓa har wancan. Bayanta kukan jakuna, da tarin tsofaffi, da luguden mata a tsakar gida. In tubali ya bushe a jera shi ya zama kamina, tudu guda mai ramukan wuta a ƙasa, a cusa itace, hayaƙi ya yi kwanaki yana tashi, warinsa ya kama zane da gashi har da ruwan tulu. Mu 'yan mata aikinmu juya tubali a rana, kai wa maza fura, tsintar zibala, da suyar gyaɗa da yamma. Yaran yanzu in sun ɗauko jarka ɗaya daga bakin famfo sai sun kwanta jinya.

Abin dariya, gidajen masu kuɗin Khartum da jan tubalinmu ake gina su, mu kuwa ɗakunanmu na laka ne da zana. Ba talauci kaɗai ba ne. Dattawanmu ba su yarda sun zauna ba. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka, ya yi noma a nan, ya yi dako a can, ya iso bakin kogin nan guzuri ya ƙare, ya tsaya nema, ajali ya same shi. Duk unguwarmu labarin ke nan, sunan garin da aka baro ne kawai yake bambanta. In ka tambayi tsoho mutumin ina ne, sai ya ce maka shi a kan hanya yake, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Wanda ya gina ɗakin jan tubali sai a riƙa yi masa kallon wanda ya fasa tafiya. Kuma kusan kowane gida akwai dabbar hanya. A ware karsana ko tunkiya tun tana ƙarama da niyyar Makka. Ba a yanka ta, ba a ba da aronta, ba a sayar da ita ko 'ya'yanta don biki ko cuta ko yunwa. Ranar da suka hayayyafa har suka isa kuɗin jirgi, ranar mai su zai kaɗa su kasuwa ya ɗauki sandarsa.

Tamu ja ce mai farin goshi. Baba ya same ta da ladan tsinkar auduga, ya dawo da ita tana 'yar maraƙa, shi kuma ya rame kamar ba shi ba. Ni nake yanko mata ciyawa a gaɓa, in cire mata kaska, in tatse ta. Baba kuwa kullum in ya idar da sallar asuba sai ya tsaya a turkenta, ya dafa bayanta, sannan ya gangara aiki. Shekarar da Inna ta yi doguwar jinya an ba shi shawara ya sayar da maraƙi ɗaya, ya ƙi, ya sayar da rigarsa ta Juma'a da gadonsa ya koma kwanan tabarma. Inna ba ta ji haushi ba. Da ya taɓa su, ita za ta fi kowa faɗa. Ya yi wa ubansa alkawari a bakin kabari cewa zai ƙarasa masa tafiyar nan. A lokacin da nake ba da labari saniyar ta tara 'ya'ya da jikoki, kowa ya san kaka ɗaya ta rage wa Baba ya tafi.

Kada a ce tsohuwa ta manta da zaluncin masu dukiya don ta tsani 'yan shuyu'iyya. Ban manta ba. Gaɓar da kaminonin duk na wani attajiri ne daga ƙetaren ruwa, mutumin da bai taɓa sa yatsa a laka ba. Wakilinsa zai zo da tsumagiya a hammata, ya bi jerin tubali yana takawa da takalmi, duk wanda ya fashe a ɗora wa mai bugawa. In ruwan sama ya narkar da aikin mako, asarar tamu ce. In tubali ya yi tsada a birni, ribar tasa ce. Maƙwabcinmu kamina ta rufto masa a ƙugu, aka kawo shi gida a kan ƙyaure, washegari aka sa wani a gurbinsa, ko sannu ba a aiko ba. Wanda ya ga wannan da idonsa, in aka ce masa akwai tsarin da ƙasa za ta zama ta mai aikinta, dole kunnensa ya miƙe. Nawa ma ya miƙe.

Wanda ya kawo mana tsarin har gida yayana ne, ɗan farin Baba. Ya yi aiki a wurin gyaran jirgin ƙasa a Bahri, ya dawo da wando da 'yar shat, da wani aboki mai tabarau da kowa ke kira Ustaz. Junansu kuwa “zamil” suke cewa, wai abokin gwagwarmaya. Tsoho zamil, yaro zamil, har sai da Ustaz ya ce wa limaminmu zamil, liman ya waiwaya yana neman wanda ake kira. Zamanin ne da gwamnati ta fara ƙwace kamfanoni da manyan shaguna daga hannun masu su. Attajirinmu ya ji iska ta sauya, ya yi luf, wakilinsa ya daina zuwa. Su Yaya suka ce to yanzu gaɓa ta kowa ce. Aka kafa kwamiti, lajna muke ce mata, aka ɗora Yaya shugaba don shi ne ɗan unguwa mai karatun boko.

A nan sai na bayyana wani abu saboda yaran yanzu, su da suke tafawa da iyayensu. A wurinmu uba yana kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya kallon idonsa, balle ya nemi wani abu a hannunsa. Ga shi kuma Yaya sunan kakanmu ya ci, kunyar ta zama biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya yi masa magana kai tsaye ba. Sai dai ya dube ni ya ce in gaya wa “wancan” kaza, ko da wancan ɗin yana tsaye a zaure yana ji. Shi ma Yaya ta bakina yake amsawa. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha ganin Baba yana bin bayansa da kallo in zai fita, har sai ya sha kwana.

Kakar farko, gaskiya, an ga alheri. Aka haɗa jakuna da kayan aiki wuri ɗaya, aka ba wani mai shiru-shiru makullin sito. Tubalin da ya fashe ya zama asarar kowa. Maƙwabcin nan mai karyayyen ƙugu aka riƙa kai masa rabonsa yana kwance. Matan da mazansu suka rasu suka samu dawa ba tare da sun tsuguna a ƙofar kowa ba. Ban taɓa ganin irin wannan ba kafin nan, kuma ban cika gani ba bayan nan, Allah ya sani. Amma kafin kaka ta ƙare sai ga bayan jakuna duk gyambo. Da, kowa in ya sauke kaya zai ɗaga akumari ya duba bayan jakinsa, don gobe shi zai nema. Yanzu wanda ka ɗauka yau ba shi za ka ɗauka gobe ba, to wa zai duba? Kalib a yar da shi a rana da laka a jiki har ya tsage, a ce ai na lajna ne. Masu fitowa da asuba suka ga rabonsu ɗaya da masu fitowa da hantsi, su ma suka koyi barcin safe. Abin da ya ƙaru kawai taro. Kai, mun sha taro. A zauna a ƙarƙashin gawo tun azahar, Ustaz ya yi ta zuba, laka tana bushewa a rami. Wani tsoho ya taɓa ce masa ko a gandun gida na ƙasar Hausa, inda uba da 'ya'ya suke noma tare, ana yanka wa kowa gayaunarsa, 'yar gonar da zai ce tasa. Ustaz ya yi murmushin nan nasu na tausayin jahili, ya ce ai daga gayauna ake fara zama attajiri.

Sai aka zo kan dabbobin hanya. Ustaz ya bayyana cewa ba komai ake haɗewa ba. Rigarka taka ce, da butarka, da carbinka. Abin da ake haɗewa shi ne duk abin da yake shiga cikin sana'a. Wani ya ce to ai shanun hanya ba sa dako, ba sa noma. Ustaz ya gyara tabarau ya tambaya, zibalar da ake cuɗa laka da ita daga ina take fitowa? Shi ke nan. Saniyar da ubana ya yi shekaru yana dafawa bayan sallar asuba ta zama kayan aikin jama'a, saboda kashinta. Wallahi har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tofar da yawu. Mutum ya yi karatu har ya sa tabarau, iliminsa ya je ya tsaya a gindin saniya.

Na ɗauka Baba zai ƙi. Ni na kai masa saƙon Yaya, na kuma ƙara da nawa, na ce kada ya yarda. Saƙon shi ne a haɗa dabbobin hanya garke ɗaya, lajna kuma kowace shekara ta ɗauki nauyin dattijo ɗaya zuwa Makka, a fara da wanda ya fi kusa. Kowa ya san wa ya fi kusa. Baba ya gama ji, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, haka ubansa ya ba shi labarin ayari. In za a ratsa daji kowa yakan juye guzurinsa a hannun madugu, a ci tare, wanda ya gaza a ɗora shi a kan dabbar wani, ba a barin kowa a baya. Ya ce ashe yaran nan da duk Larabcinsu ayari suke son kafawa. Abin da ya ruɗe shi ke nan, shi da sauran dattawan. Sun ɗauka lajna madugu ce, wanda zai dubi fuskar mutum ya san abin da ke damunsa ba sai ya faɗa ba. Kuma ina jin, ko da bai furta ba, ya ji daɗi cewa ɗansa ne madugun. Da hannunsa ya kwance shanun ya kai garken lajna, ni ina biye ina ƙunƙuni.

Ƙarshen kaka aka kira babban taro bayan sallar Juma'a, a yanke abin da za a yi da abin da aka tara. Har mata aka ce mu zo, Ustaz yana ta alfahari wai a tsarinsu mace ma tana da baki. Inna ta riga ta fara daka wa Baba garin guzuri. Shi kuma ya sa wankakkiyar riga ya zauna cikin dattawa. Yaya yana kan kujera a gaban jama'a, Ustaz a gefensa. Aka fara da doka. Zamanin wakilai ya wuce, ba wanda zai yi magana da yawun wani. Duk mai buƙata ya miƙe tsaye, ya fuskanci shugaba, ya faɗa da bakinsa, wanda ya yi shiru kuwa ya yarda da abin da jama'a suka yanke. Su a ganinsu sun toshe ƙofar cin amana ne. Ni ina jin haka na waiwayi inda Baba yake zaune.

Mai makullin sito ya miƙe ya ce buƙatar jama'a injin jan ruwa ne, a huta da ɗebowa daga kogi, a ninka tubali. Kuɗinsa kuwa ba inda za su fito sai garken. Samari suka yi tafi. Yaya ya tambaya ko akwai mai wata buƙata, idonsa a kan takalminsa. Dattawa suka saci kallon Baba, ba wanda ya yi tari. Su ma bayansu ya gaji da ɗaukar ruwa. Baba yana jan carbi, kansa a ƙasa. Na miƙe na ce ubana yana da alkawari a wurin lajna. Ustaz ya ce, cikin ladabi har da “ya zamila”, in faɗi tawa buƙatar, mai alkawari yana nan zaune da bakinsa. Na ce to buƙatata ita ce ubana ya tafi Makka. Aka yi dariya, wasu don abin ya ba su dariya, wasu don su rufe kunya. Na dubi Yaya. Shi fa ya san komai, a gidan aka haife shi. Kalma ɗaya zai ce, cewa lajna ta riga ta yi alkawari, a wuce wurin. Amma yana tsoron a ce shugaba ya fifita ubansa, Ustaz ya kai labari birni cewa zamil bai warke daga son gida ba. Ya sake tambaya ko akwai mai buƙata. Baba bai ɗaga kai ba. Aka ɗaga hannu, inji ya ci.

A hanyar gida na kasa haƙuri.

“Baba, don Allah me ya hana ka tashi? Magana ɗaya ce fa.”

Ya yi 'yar tafiya kafin ya amsa.

“Uwata, so kike in miƙe a gaban jama'a, in dubi idon yaron nan, in roƙe shi?”

Na ce ai haƙƙinsa ne, ba roƙo ba ne.

“Da tana turkena,” in ji shi, “da ba sai na tambayi kowa ba.”

Ranar kasuwa aka kora garken. Jar saniyarmu ta biyo ta ƙofar gidanmu, ta ja ta tsaya, sai da aka sa mata sanda. Na zagi masu korar, na haɗa da Ustaz da wanda ya sayar masa da tabarau, har Inna ta fito ta ja ni ciki. Garin guzurin nan kunu muka dama da shi.

Baba bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin liman ba, bai fasa fita aiki ba. Inji ya zo aka yi masa guɗa, yana ta tari yana aman ruwa, ƙararsa ta danne ta kalib da ta lugude. Da auduga ta nuna a gabas, wata safiya Baba ya ɗauki sandarsa da buta da ƙullin kaya, ya ce in gaya wa wancan shi zai ci gaba da tafiya yadda ubansa ya faro ta, ya yi aiki a nan ya matsa can. Yaya yana tsaye a zaure. Ya ce in ce masa ya dakata, baɗi lajna za ta duba. Baba ya ce in ce masa ya ji. Inna ta raka shi har bakin hanyar mota ba ta yi kuka ba, sai da ta dawo ta ga turke. Mutumin da furfura ta gama cin gemunsa ke nan fa, ya tafi tsinkar auduga tare da sa'o'in 'ya'yansa.

Baɗin da aka ce ba ta tarar da lajna ba. Iska ta sake juyawa, gwamnatin da ta ɗaure wa 'yan shuyu'iyya gindi ta koma farautarsu. Wasunsu sun sha azaba, wasu ba su dawo ba, kuma ban yi murna da wannan ba. Amma namu na Aljirif ba wanda ya kwana a ɗaure. Ustaz ya ɓace. Bayan shekaru na gan shi a Umdurman a bayan kanta yana auna sukari, yana danne sikeli da ɗan yatsa. Mai makullin sito ya ce bari ya ɓoye inji a gidansa kada hukuma ta ƙwace, ɓoyon da bai ƙare ba har ya mutu. Ashe mallakar ba soke ta aka yi ba, kwashe ta aka yi daga turakun mutane da yawa aka tara wa mutum ɗaya. Mai son ruwa ya biya shi, wanda ya kasa ya buga masa tubali, kafin a ankara gaɓar ta zama tasa, har da wakili mai tsumagiya. Yaya kansa daga baya ɗan kwangila ya zama, ya yi gida a Khartum da katanga mai fasassun kwalabe a kai, ya yi ta zuwa Makka ta sama har na daina yi masa barka. Amma wannan can gaba ne. A lokacin yana zaune a gida ba aiki, ba ya iya haɗa ido da Inna.

Labarin Baba sai jefi-jefi, a bakin matafiya. An gan shi a gonakin Gadarif, an gan shi a Kasala yana buga tubali. Ana dab da lokacin aikin hajji wani direban lori ɗan unguwarmu ya ce ya gan shi a Sawakin, bakin teku, yana sayar wa maniyyata ruwa a salka, ƙafafunsa sun kumbura, abin da yake samu ba ya wuce bakinsa. Yaya ya ji haka ya tashi ya fita, ya dawo da yamma a ƙasa. Ya sayar da kekensa da agogonsa da rediyo, kayan da tun farko lajna ta ce ba na sana'a ba ne, don haka ba su taɓa shiga sito ba. Ya ce zai je ya sa Baba a jirgi. Inna ta ce ya tafi da ni, in ba haka ba wa zai kai magana a tsakaninsu? Muka hau jirgin ƙasa, muka ƙarasa a bayan lori.

Mun same shi a inuwar wani rusasshen gini na farin dutse, salkar a gefensa ba ruwa. Filin da maniyyata suke sauka fayau, sai toka da tsummoki da awaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ga idanunsa sun yi fari-fari, sai da ya shafa fuskata ya tabbatar ni ce. Yaya ya tsuguna daga nesa, ya tura ƙullin kuɗin a ƙasa har ya taɓa ƙafar Baba. Ya buɗe baki zai yi masa magana ba ta bakina ba, ya ce “Baba”. Baba ya kau da kai wajen ruwa.

“Uwata, ki ce masa na gode, Allah ya yi albarka. Ki ce masa jirgin bana ya tashi shekaranjiya.”

Yaya ya ce in ce masa mu koma gida ya yi jinya, baɗi shi da kansa zai kawo shi. Baba ya ce a'a. Ubansa ya tsaya a bakin ruwa ɗaya, shi ya kawo tafiyar bakin na biyu, ba zai mayar da ita baya ba, a nan zai jira. Muka kama masa ɗaki a gidan wata tsohuwa Bahaushiya mai sayar da abinci. Yaya ya koma, ni na zauna jinya. Kullum da hantsi sai ya sa in riƙe shi zuwa bakin teku, ya tambaye ni ko ana hango wani abu a ƙetare, in ce masa ruwa ne kawai, Baba. Bai kai watan azumi ba. Mutanen da ba su san ko sunan garin ubansa ba su suka yi masa sutura, a cikin ƙullin Yaya aka sayi likkafani. Washegari tsohuwar ta kai ni na hango kabarin daga nesa. Alƙiblar garin teku take kallo. Masu kwalekwale sun gaya mini in iska ta yi kyau, daga nan zuwa Jidda kwana ɗaya ne.